Allon Ɗakin Taro

"Na ce a mayar musu da kayansu, Kulu. Ba shawara na zo nema ba."

Zuliha tana tsugune a gindin rijiya tana cuɗa tukunyar tuwo, muryar babanta ta tsallako daga ɗaki. Hannunta ya tsaya cak a cikin kumfa.

"Haba Malam," ta ji Innarta ta ce ƙasa-ƙasa. "Kayan sa ranar da aka raba goronsu har Kura? Da wane ido za mu kalli mutane?"

"Da idon da na kalli tumatirina yana ƙonewa. Eka guda, Kulu! Dashen da na yi da hannuna. Yaro ya ɗauki alli ya karkatar da ruwana ya kai gonar ubansa, sannan ya tsaya a gabana ya ce wai kuskure ne. To muddin shi ya yi min wannan, Mudassiru ba shi da mata a gidan nan. Ran Juma'a za mu zauna a ɗakin taro mu karɓe littafin rabon ruwa daga hannunsa. Asabar ki sa a kai musu kayansu."

Malam Datti ya fito yana saɓa riga, ya zura takalmi ya fice. Ko inda take bai kalla ba.

Zuliha ta bi shi da ido har ya ɓace a zaure. Ta san abin da ba wanda ya sani a gidan nan. Ba Mudassiru ne ya taɓa allon ba.

Ita ce.

Duk wanda ya san Unguwar Ɗinya ya san ɗakin taro. In ka sauka daga titin Bunkure ka bi gefen babban kanal, shi za ka fara gani kafin masallaci. Dogon ɗaki ne na bulo da rufin kwano, taga shida, benci goma sha huɗu, biyu daga ciki an tokare su da dutse. Mutanen gari ne suka gina shi da hannunsu shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga ranar bai taɓa wuni shiru ba. Nan malamar asibiti take awon masu ciki ran Alhamis. Nan ake rabon taki. In shanun rugar gabas sun faɗa albasar wani, nan ake zama a sasanta tun magana ba ta yi nisa ba. Da yamma samari su tayar da janareta su kalli ƙwallo, ihunsu har gona. Litinin da Laraba da hantsi kuwa na mata ne, Zuliha take koya musu karatu da rubutu tun da ta gama sakandare a Kura.

Amma abin da ya fi komai daraja a ɗakin shi ne allon da ke jikin bango. An ja masa layi da farin fenti a tsakiya. Hagu na ajin mata, dama na ruwa.

Ƙofofin ruwa bakwai ne suke shayar da gonakin garin, ruwan kuma ba ya isa a buɗe su gaba ɗaya, sai dai kowace da ranarta. Mudassiru, sakataren ƙungiyar manoma, shi yake rubuta rabon sati a allo duk ranar Lahadi. Mai buɗe ƙofa kuwa ba ya jin maganar kowa, ko da mai gari ne. Abin da ya gani a allo bayan sallar asuba, shi yake bi. Da wannan doka aka daina fasa wa juna kai a bakin kanal.

To ranar Litinin da ta wuce, Zuliha tana koya wa mata yadda ake rubuta wasiƙa, sai ɓangarenta ya cika. Aji ya yi daɗi, kowa na cewa, "Malama ci gaba, kar ki goge, ban gama kwafa ba." Ta dubi ɓangaren dama. Layi bakwai ne kacal. Ita da take haddace shafi guda a makaranta, layi bakwai ne zai gagare ta? Ta karanta sau biyu, ta sa tsumma ta goge. Da aka tashi ta mayar da su tsaf, har tana kwaikwayon yadda Mudassiru yake kwantar da rubutunsa, tana murmushi ita kaɗai.

Ashe ta musanya biyu. Ƙofa ta huɗu, ta su babanta, mai Talata, ta kai ta Asabar. Ta bakwai, inda gonar mahaifin Mudassiru take, ta dawo da ita Talata.

Malam Datti kuwa tun Lahadi ya ga Talata da idonsa, ya yi dashe da yammacin Litinin. Talata ya yi sammako da tiyo a kafaɗa, yana tsaye ruwa ya wuce shi. Ya yi faɗa har muryarsa ta dashe, mai ƙofa ya ce shi allo ya sani. Aka nemi Mudassiru, aka ce ya tafi Kano rajistar jarrabawa, sai Juma'a. Kafin ya dawo rana ta gama da dashen.

Tun ranar jikin Zuliha ya ba ta, amma ta yi ta ce wa kanta Baba ne ya manta ranarsa. Sai da Mudassiru ya dawo ya buɗe littafinsa a gaban mutane, aka ga Talata ɓaro-ɓaro. Ya dubi littafi, ya dubi allo, ya daɗe yana duban allon. Sannan ya ce, "Laifina ne. Ni na yi kuskure."

Washegarin ranar da Malam Datti ya yanke hukunci, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Badamasi ne, mai injin casar shinkafa a Kura. Shi ma yana da gona a ƙofa ta huɗu, kuma sau biyu yana aiko neman Zuliha ana ba shi haƙuri. Yau wai jaje ya zo. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka ce Zuliha ta kai ruwa.

"A'a, Malama da kanta?" Ya gyara zaman hularsa. "Ana nan ana ta fama da tsofaffi da A da Ba? Ai ke ba ajin ƙurar alli ba ce. Gidana na Kura har da tayil."

"Allah ya sa albarka," ta ce, ta ajiye kofin ta juya.

Tana ji yana ce wa babanta, "Dama ni tun farko yaron bai kwanta min ba, Malam. Shiru-shirun nan nasa."

Babanta bai ce masa a'a ba. Wannan shi ya fi komai tayar mata da hankali.

Washegari Litinin da aka tashi daga aji, tana tattara guntayen alli, ta ji sallamar Mudassiru a bakin ƙofa. Mata sun watse, saura Inno, tsohuwar rugar gabas mai kawo nono, wadda ta fi kowa shekaru a ajin. Tana can ƙarshen benci tana ɗaure ƙwaryarta, ɗaurin da ya ƙi ƙarewa.

Mudassiru ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Na zo duba allo ne," ya ce.

"Ka duba. Ban taɓa ba."

Ya yi ɗan murmushi. Ita kuwa sai hawaye.

"Ka sani ke nan."

"Tun kallon farko. Kin iya kwaikwayo, amma bakwai ɗinki ba ta da ɗamara, tawa tana da ita."

"To don me ka ce kai ne? Don me, Yaya Mudassiru? Ka san abin da Baba ya ce? Asabar za a mayar muku da kaya. Asabar ɗin nan! Jiya Alhaji Badamasi har da zama a kan dardumar Baba, ni aka sa na kai masa ruwa."

Ta ga muƙamuƙinsa ya motsa, amma muryarsa ba ta canja ba.

"Na ji. Ki bar ni da Baba. Fushi ne, zai sauka."

"Ba ka san shi ba. In ya ce Asabar, Asabar ce."

"Zuliha, saurare ni. Kin manta yadda aka yi kafin a ba ku ɗakin nan? Zama uku aka yi. Mutum nawa suka ce in mata suka shiga sai sun ɓata wani abu? Ni na miƙe na ce na ɗauki alhakin allo. In aka ji yau mace ce ta goge rabon ruwa, wallahi ko awon ciki sai an nemi a mayar da shi gindin bishiya. Mata talatin da biyu. Adama jiya-jiya ta fara karanta katin asibitin ɗanta da kanta. Ki ce in buɗe baki in rushe wannan?"

"Ni kuma fa?" Muryarta ta karye. "Ni ba mutum ba ce? Ka zaɓi benci da allo ka bar ni?"

"Subhanallahi. Ni na bar ki?"

"To mene ne wannan? Ka tsaya ana ce maka ɓarawon ruwa a garin da aka haife ka. Jiya a bakin famfo na ji ana cewa dama 'yan ƙofa ta bakwai haka suke. Babanka ya daina zama a dakalin masallaci. Duk saboda ni, ni kuma ina gida ina tuƙa tuwo kamar ba abin da ya faru. Kana ganin in ma Baba ya huce aka yi auren, zan iya haɗa ido da mahaifiyarka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ba zan iya ganin ki durƙushe a gaban maza sittin ba. Ke da ko sallama kika yi sai an ce a maimaita."

"Wannan kuma matsalata ce."

"Ki yi min alkawari ba za ki yi magana ba."

Ta goge idonta da gefen hijabi. Ta dube shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya fara zuwa zance.

"Ban yi ba," ta ce.

Ya buɗe baki zai yi magana, Inno ta yi gyaran murya daga ƙarshen benci.

"Kai sakatare, ka gama duba allon ko sai na kawo maka tabarau? Rana na yi, nonona zai yi tsami."

Laraba mata suka cika aji, har da masu goyo a bakin taga. Zuliha ba ta ɗauki alli ba. Ta tsaya a gabansu, ta ce akwai maganar da za ta faɗa musu. Ta faɗa tun daga farko har ƙarshe, idonta a ƙasa.

Da ta gama ta jira salati. Ba wanda ya yi.

"To Malama," in ji Adama, matar mai shayi, tana jijjiga ɗanta, "ai a gabanmu kika goge. Ni ce ma na miƙo miki tsumman."

Wasu suka yi dariya. Zuliha ta ɗago kai.

"Kun sani?"

"Tun ran Talata. Da mijina ya shigo yana ba da labari na ce a raina, shi ke nan, Malama ta yi ta. Na ja bakina na rufe. Kowa a nan haka ta yi. Mata talatin da biyu, kwana tara, ko miji ɗaya bai ji ba. Wannan kaɗai ai ya isa a ba mu satifiket."

Aka sake dariya, amma ta mutu da wuri.

"Jibi zan je in faɗa," Zuliha ta ce. "A gaban taro. Shi ya sa na fara zuwa gare ku, don ɗakin naku ne. Mai yiwuwa a kore mu."

Nan aji ya kaure. Wata ta ce a bari mana ƙura ta lafa. Wata ta ce ita mijinta dama neman dalili yake. Adama ta miƙe tsaye, fuskarta ba wasa.

"Malama, ina son ki, Allah ya sani. Amma ni nan ne kaɗai inda nake fita in zauna ba don biki ko rasuwa ba. Nan nake jin abin da duniya take ciki. Saboda aurenki za mu koma tsakar gida?"

Maganar ta soki Zuliha, amma ba ta kauce ba.

"Gaskiyarki, Yaya Adama. Saboda aurena ne, ba zan ɓoye ba. Ina son sa. Kuma an ɗora masa abin da bai yi ba. In kun ce kar in je, zan ji zafi, amma zan je. Gara ku ji daga bakina yau."

Sai Inno ta dafa benci ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara.

"Ni shekarata sittin da wani abu ban san harafin sunana ba sai a ɗakin nan. Ba wadda ta kai ni son sa. Amma ɗakin da za a ce sai mun ɓuya a bayan ɗan mutane kafin mu zauna a ciki, namu ne? Aro ne. Ke Adama, ranar da aka zuba dakalin nan, wa ya ɗebo ruwa?"

"Mu ne."

"To. Jibi kowa ta sa hijabinta mai kyau."

Juma'a bayan la'asar ɗakin taro ya cika maƙil. Babura sun yi layi a gefen kanal, farar motar Alhaji Badamasi a gindin ɗinya. Malam Iliyasu, shugaban ƙungiya, yana zaune a tebur, littafin rabon ruwa a gabansa. Mudassiru yana tsaye a gefen allo, hannu a baya. Mahaifinsa yana can layin ƙarshe, ya ja hula har gira.

Alhaji Badamasi ne ke magana. "Ni dai ban ga abin ja ba. Ya amsa da bakinsa. A karɓe littafi, a hana ƙofa ta bakwai ruwa sati guda, kowa ya ɗanɗana."

Bai rufe baki ba tagogi suka yi duhu. Mata ne, taga shida duk sun cika. Maza suka shiga waige-waige. Ba a taɓa ganin mace a zaman ruwa ba tun da aka kafa ƙungiya.

"Salamu alaikum."

Wannan karon ba wanda ya ce ta maimaita.

Zuliha ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ratsa tsakanin bencuna, Inno na bin ta a baya da sanda. Ta ji idanu a jikinta kamar zafin murhu. Ta wuce babanta ba ta kalle shi ba, ta durƙusa a gaban tebur.

"Ke Zuliha!" Malam Datti ya yunƙura. "Me ya kawo ki nan? Tashi ki tafi gida!"

"Ka yi haƙuri Baba. Baba Iliyasu, a ba ni izini, magana ɗaya ce."

Malam Iliyasu ya dubi Malam Datti, ya dubi tagogi, ya shafa gemu. "Ɗaki na kowa ne. Faɗi, 'yata."

"Ni na goge allo. Ran Litinin, ina koyarwa, wuri ya ƙare min. Na ɗauka na haddace, na mayar, na musanya ta huɗu da ta bakwai. Shi ya riga ya tafi Kano, bai sani ba sai da ya dawo. Ni na ƙona wa Baba tumatir. Kuma na yi shiru kwana goma sha ɗaya ana zagin wani. Wannan ya fi goge allon muni."

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Alhaji Badamasi ya yi dariya har da tafa hannu.

"Kai jama'a! Soyayya ke nan. Malam Datti, ka ga irin abin da yaron nan ya koya mata? Ta zo ta ɗauki laifi don a bar mata shi. Wa ya gani?"

"Ni na gani!" Muryar Adama ce daga taga. "Ni na ba ta tsumman. Maigida, kar ka harare ni, mu je gida ka harare ni a can."

Dariya ta ɓarke, har mai shayin da kansa ya rufe fuska da hula.

"Ni ma na gani."

"Da ni."

"Duk muna nan."

Dariyar Alhaji Badamasi ta tsaya. Ya gyara riga ya juya ga tebur. "To ai magana ta fito. Abin da muka faɗa tun farko ke nan. Yau allo, gobe littafi. A rufe ajin nan, mata su koma inda suka fito, a bar ɗaki ga masu shi."

Kawuna da yawa suka gyaɗa.

Inno ta buga sandarta a siminti.

"Masu shi? Badamasi, ranar da aka yi ginin nan kana ina? Buhu biyu na siminti ka aiko da direba, mun gode. Ruwan da aka kwaɓa shi fa? Daga kanal zuwa nan, kwana goma sha tara, a kan wa ya zo? Ga wuyana nan, har yau in hadari ya taso sai ya gaya min. Wa yake share ɗakin nan in 'ya'yanku sun gama kallon ƙwallo sun bar ɓawon rake? Yarinya ta yi kuskure, ta zo da ƙafarta ta durƙusa. A cikinku wa bai taɓa kwana da ruwa a buɗe ya cinye gonar maƙwabci ba? Iliyasu, in fara kiran suna?"

"A'a Inno, a rufa asiri," in ji Malam Iliyasu da sauri. Aka sake fashewa da dariya.

Ya bari ta lafa, sannan ya ɗaga hannu.

"Laifi dai an yi, kuma ba ƙarami ba. Amma mu ma da namu, da muka haɗa ruwan gari da karatun mata a katako ɗaya don ƙyashin sayen na biyu. Aji zai tsaya sati biyu. Kafin nan kafinta ya yi wa ruwa allonsa daban, a kafa shi can sama inda sai da tsani. Wannan kuma ya zama na mata gaba ɗaya. Ƙofa ta bakwai ba ta da laifi. Littafi yana hannun mai shi." Ya tura shi gefen tebur. "Saura mai gona. Malam Datti, kai aka yi wa ɓarna."

Ido ya koma kan Malam Datti.

Malam Datti ya miƙe a hankali. Ya daɗe yana kallon 'yarsa a durƙushe, sannan ya juya ga Mudassiru.

"Kai. Ka dubi tsabar idona ka ce kai ne."

"Na yi, Baba."

"Ƙarya ka yi min ke nan."

"Ƙarya na yi. A gafarce ni."

"Da ba ta zo ba fa? Haka za ka bari in mayar muku da kaya, ubanka yana yawo da kai a ƙasa?"

Mudassiru ya durƙusa. "Da na sake aiko da su, Baba. Ko sau nawa ne."

Wani ya yi ƙaramar dariya, aka harare shi. Malam Datti ya juya ya nemi mahaifin Mudassiru a layin ƙarshe.

"Malam Sani, na faɗi maganganu a kanku a bakin kanal. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane nake janyewa. Ka yafe ni."

"Ya wuce, Malam Datti. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Zuliha tana nan durƙushe. Duk wannan ba shi ne abin da take jira ba.

Babanta ya gyara tsayuwa ya dubi allo. "Yaushe ne ruwana a sati mai zuwa?"

"Laraba, Baba," in ji Mudassiru.

"To gonar nan ba za ta zauna a ƙone ba. Akwai sauran iri a Kadawa. Talata da yamma za a sake dashe. Ka tara abokanka, ku zo da fartanyoyinku."

Mutane suka fara murmushi. Kowa a ɗakin ya sani, a Unguwar Ɗinya saurayi ɗaya ne yake kai gayya gonar uban yarinya: wanda aka ba.

Alhaji Badamasi ya yi wuf ya miƙe. "Haba Malam, me na wahalar da yara? Ina da leburori ashirin a Kura, gobe-goben nan in turo su, har da irin."

"Na gode Alhaji, Allah ya saka." Malam Datti ko juyawa bai yi ba. "Wannan ba aikin lebura ba ne. Aikin suruki ne."

Daga taga ta uku wata ta rangaɗa guɗa, sauran tagogin suka amsa, har kwanon rufi yana amsawa. Malam Iliyasu yana ta buga tebur yana cewa a yi shiru, taro bai tashi ba, shi kansa yana dariya.

Malam Datti ya sunkuyo kan 'yarsa, ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Tashi ki tafi gida, kin tara min jama'a. Kuma abincin 'yan gayya ke za ki dafa, ke kaɗai, ko mutum hamsin ya kawo."

"To Baba," ta ce, hawaye na zuba, ta kasa rufe bakinta. "Ko ɗari ne."